Ranar da na ga abokan cinikina a kan taswira

Shekara uku ke nan ina rarraba sabulu da man girki ga masu shaguna a Kano, kuma sunayensu duka suna cikin manhajar kula da hulɗa da abokan ciniki, wadda aka fi sani da CRM. Sai a bana na buɗe ɓangaren taswirarta, inda kowane shago yake bayyana a matsayin ɗigo.

Abin da na fara gani ya tayar mini da hankali, domin kusan rabin shagunan sun taru wuri guda a tsakiyar birni. Dalili kuwa shi ne manhajar tana karanta adireshin da aka rubuta ne ta mayar da shi lambobin wuri, kuma adireshi irin “bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi” ba ya nuna mata komai, sai ta jefa mutum tsakiyar Kano kawai. Saboda haka na sa yaron da ke kai kaya ya riƙa tsayawa a ƙofar kowane shago yana ɗaukar lambobin GPS da wayarsa, aikin da ya ci mana mako shida.

Bayan gyaran ne na lura cewa muna zuwa Hotoro ranar Litinin, mu sake ƙona mai zuwa Unguwa Uku ranar Laraba, alhali unguwannin ba su da nisa da juna. Yanzu rana ɗaya muke haɗa su. Na kuma ga cewa ba mu da shago ko ɗaya a Rijiyar Zaki, kuma can na nufa gobe in Allah ya kai mu.