Wata na tara: ina koyon ɗaukar hoton nisa

Ƴan uwa masu koyo, sallama. Kwana biyu ban ba ku labarin inda na kwana ba. Yau wata tara ke nan da na fara fita ƙauyukan Adar, a jihar Tawa, da kyamara ina ɗaukar hoton yadda mutane ke neman magani, kuma daren jiya na zauna na tace abin da na tara. Hotuna sun haura dubu biyu. Waɗanda zan iya nuna wa mutane ba tare da na sunkuyar da kai ba, goma sha huɗu ne. Kayan aikina ba su canza ba: tsohuwar Canon ta hannu da yayana ya kawo mini daga Abijan, da gilashi ɗaya tak mai milimita 35, sai wayata.

Na fara da abin da kusan kowa ke farawa da shi, wato fuska. Watanni biyu na farko duk yara marasa lafiya na ɗauka. Kun san igiyar nan mai launi uku da ake auna damtsen yaro da ita don gane tamowa: in ta tsaya a ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, rawaya tana tsakanin 115 da 125, kore kuma lafiya lau. Na samu wani hoto da a lokacin na ɗauka ya fi kowane kyau, siririn hannu da igiya a kan ja, haske ya sauka daidai. Na juya kyamara na nuna wa kakar yaron. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ɗan nan, da ka bari ya warke mana. In ya girma ya ga wannan, me zan ce masa?” A gabanta na goge shi.

Maganarta ta bi ni har gida. Da na sake duba sauran hotunan, sai na ga wani aibi na biyu. Na tura wa wani abokina a Yamai guda uku, amsar da ya ba ni ita ce, “Allah sarki, amma me ya hana uwar kawo shi da wuri?” Ashe hoton nawa ya nuna ciwo, ya ɓoye dalili, har ya bar wa mai kallo ƙofar ɗora wa uwa laifi. Amsar tambayarsa kuwa tana kan hanyar da matar ta biyo, ni kuma ban ɗauki hanyar ba.

Bari in ɗan tsaya a nan, don wanda bai san yadda abin yake ba ba zai san inda zai tsaya da kyamara ba. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, waɗanda aka gina da yawa a zamanin shugaba Tandja Mamadu, galibi ma'aikaci ɗaya ne a ciki. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya tura CSI, wato cibiyar lafiya da ta fi ɗakin shan magani girma, inda ake da malaman jinya, wani lokaci da ungozoma. Daga can sai asibitin gunduma, irin na Madawa, Buza, Keita, Illela ko Ƙonni. In ya ci tura sai Tawa, babban asibiti ko cibiyar uwa da yaro. Akwai kuma asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, wanda mutane ke zuwa har daga Najeriya. Ma'aunin da ake amfani da shi a Nijar shi ne kilomita 5: wanda ke zaune cikin wannan tazara daga cibiyar lafiya, shi ake lissafawa yana da ita a kusa. Kusan rabin mutanen ƙasar nan suna wajen wannan da'ira. Kowane mataki daga cikin waɗanda na lissafa tafiya ce, kowace tafiya kuma kuɗi ce da wuni guda da aka bar gona.

To yaya ake ɗaukar hoton nisa? Gwajina na farko bai yi ba ko kaɗan. Na tsaya tsakiyar hanya da rana tsaka na danna, abin da ya fito jar ƙasa ce da farin sama, babu wanda zai ce kilomita ɗaya ce ko goma. Sannu a hankali na gano abubuwa. Rana tsaka tana kashe inuwa, kuma inuwa ce ke nuna ramuka da duwatsu, don haka yanzu ina aiki ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ina durƙusawa har gwiwata ta taɓa ƙasa, ta yadda sawun amalanke zai faro daga ƙasan hoton ya ja ido zuwa can. Mutum kuma ina barinsa ƙarami. Da ina ganin ƙaramin mutum a hoto kuskure ne, yanzu na gane ƙanƙantarsa a gaban tsaunukan Adar ita ce take faɗin maganar.

Abin da ya fi koya mini shi ne ranar da na ajiye babur na taka da ƙafa. Wata mata da mijinta sun yarda in bi su daga ƙauyensu zuwa CSI, ita da goyo mai zazzaɓi, shi da buta da ƙullin fura. Kilomita 11 wayata ta nuna, muka yi awa uku da ƴan mintoci. Na ɗaura wa kaina doka: duk rabin awa hoto ɗaya, daga baya, ba fuska. Da na jera su shida sai na ga abin da hoto ɗaya ba zai iya ba. A na farko inuwarta doguwa ce tana gabanta. A na ƙarshe inuwar ta kusa komawa ƙarƙashin ƙafarta, zanen goyo ya sassauta, kan yaron ya langaɓe gefe. Ku gwada jerin nan, ko da hanyar rijiya ce. A ƙarƙashin kowane hoto kuma ina rubuta kilomita nawa, awa nawa, da abin da ɗan kabu-kabu ya nema in da a babur za a je. Lambar da na auna da kaina kawai nake rubutawa.

Wani ya ba ni labarin W. Eugene Smith, mai ɗaukar hoto na Amurka. A 1951 ya yi makonni yana bin wata ungozoma baƙar fata, Maude Callen, da ke yawon duba talakawan karkarar Karolaina ta Kudu. Da hotunan suka fito a mujallar Life, masu karatu suka aika kuɗi har aka gina mata ɗakin shan magani. Na nemo su a intanet na zauna da su dare biyu. Abin da na lura, matar tana cikin aiki a kusan kowane hoto: tana ratsa taɓo da jaka a hannu, tana duba mai naƙuda a hasken fitila. Talaucin yana nan a bango da gado da hanya, amma ba a tsiraita kowa ba. Daga nan na juya kyamarata wajen ma'aikatan lafiya.

Nan kuma haske ya zama matsala. Ɗakin shan magani na ƙauye ba wuta, taga ƙarama, bango fari. Kyamara in ta ga farin bango da farar rigar aiki sai ta rage haske, fuskar baƙin mutum ta nutse. Maganinsa, ku ƙara haske da mataki ɗaya, ko ku sa ta auna daga fuskar. Ina tsayawa gefen ƙofa, ba cikinta ba, don hasken ƙofar ya faɗi a kan hannuwan ma'aikacin. Ina kai ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 1600, in buɗe gilashi iyakarsa, saurin ƙiftawa kuma ba na barinsa ya sauka ƙasa da 1/60 na daƙiƙa. In manne gwiwar hannu a haƙarƙari, in riƙe numfashi, in danna. Hoton yana fitowa da ɗan tsakuwa-tsakuwa, na daina damuwa da wannan. Walƙiyar kyamara kuwa na haramta wa kaina ita a wurin marasa lafiya. Tana firgita yaro, tana kuma sa ɗakin ya yi haske irin wanda ba shi da shi, wannan kuma ƙarya ce.

Ƙurar hunturu ba ta da wani dogon bayani. Kada ku cire gilashi a waje, ku naɗe kyamara cikin tsohon rawani, ku hura ƙura kafin ku goge.

Akwai hoton da na daɗe ina shawara a kansa, na kantar magani. Tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, aikin fiɗa na haihuwa kuwa tun 2005. Cibiya tana yin aikin, gwamnati ta biya daga baya, kuma in biyan ya yi jinkiri kanta ce ke fara nunawa. A wani ɗakin da ba zan faɗi sunansa ba na tarar da katako uku, kwalaye kaɗan a na sama, sauran ƙura. Ma'aikacin ya ce, “Malam, ka ɗauka, amma ka tuna ni nake kwana a nan.” Gaskiyarsa. In hoton ya fita da allon sunan wurin, shi za a tambaya, alhali ba shi ya shanye maganin ba. Don haka ba fuskarsa, ba allo, ba takardar da ke ɗauke da sunan mara lafiya. Masu aiki da waya, ku kashe abin da ke nuna wuri kafin ku ɗauka, domin hoton waya yana tafiya da adireshin inda aka ɗauke shi a ɓoye cikinsa. Kuma kafin duk wannan, na nemi izinin hukumar lafiya ta gunduma da na maigari. Izinin manya bai ɗauke neman izinin mai jiki ba. Ina gaya wa kowa inda hoton zai je, har da cewa in ya shiga Facebook ko WhatsApp ba ni da ikon dawo da shi.

Damina ce ta ba ni aikin da ya fi nauyi. A watan Agusta zazzaɓin cizon sauro yana tsananta, rumbu kuma ya kusa ƙarewa, biyun suna haɗuwa a jikin yaro ɗaya. Tun 2013 ake raba wa yara daga wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba, gida-gida. Na bi masu rabon wuni biyu, hotunansu suna cikin goma sha huɗun nan.

Ranar da ba zan manta ba, an yi ruwa da asuba, ƙorama ta kawo. Wanda ya san kwarin Majiya ya san yadda busasshen yashi ke zama kogi cikin awa ɗaya. Na iske mutane a bakin gaɓa, cikinsu da amalanken jaki, an shimfiɗa tabarma, mace na kwance an rufe ta da zane, surukarta na riƙe da kanta. Naƙuda ce tun daren jiya. CSI yana tsallake, ana hango rufin kwanonsa. Na gaida mijin, na faɗa masa abin da nake yi. Ya yi shiru, can ya ce, “Ɗauki ruwan da amalanken. Ita ka bar ta.” Na koma baya na durƙusa: ƙafar amalanke a gaba, jan ruwa a tsakiya, rufin kwano ɗan mitsitsi a sama. Awa biyu muka yi muna jira. Da ruwan ya sauka zuwa cinya, samari suka kwance jakin suka ɗauki amalanken a kafaɗa. Hannu bai isa ba, na rataya kyamara a wuyan wani yaro na kama gefe ɗaya. Ba ni da hoton tsallakawar. Ta sauka lafiya da magariba, an samu ɗiya mace, ranar suna har goro suka aiko mini.

Makon jiya na wanke hotuna ashirin a nan Tawa na mayar da su ƙauyukan. Muka ɗaura igiya a inuwar bedi ƙofar gidan maigari, na maƙala su. Na ce duk wanda bai yarda da nasa ba ya cire. An cire biyu. Ɗaya na wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu bayan na ɗauka, ta ce tana so ta ajiye shi a ɗakinta, kada ya yi yawo. Ɗayan wani dattijo ne ya ce rigarsa ta yage a kafaɗa, ban lura ba sai da ya nuna mini. Wasu huɗu kuma ni na janye su da na ga yadda masu su suka kau da kai. Maigari ya tsaya a gaban hoton ƙoramar ya daɗe. Ya ce shekara da shekaru suna faɗa da baki, yanzu yana son kwafi uku manya ya kai wa hukuma da hannunsa. Na yi masa alkawarin su ranar kasuwa mai zuwa.

Abu biyu suka rage mini. Na farko dare. Sau da yawa haihuwa da zafin jikin yara cikin dare suke tashi, ma'aikacin kuma yana aiki da tocila a baki ko hasken waya. Na gwada sau uku, duk sun girgiza. Zan gwada ɗora kyamara a kan ƙaramin buhun yashi in sauka zuwa 1/15, in jira lokacin da hannunsa ya tsaya cik. Wanda ya taɓa yin aiki da hasken tocila kaɗai, ya taimaka mini da yadda ya hana tsakiyar hoton ƙonewa.

Na biyu ya fi ƙarfina. Ni namiji ne, iyakata ƙofar ɗakin haihuwa, kuma haka ya kamata. Abin da mata ke faɗa wa juna a layin awon ciki, da zaman masu yoyon fitsari da ke jiran aiki, ba ni zan ɗauke su ba. Ƴan uwa mata da ke cikinmu, in akwai mai niyya, zan ba ta aron kyamarar duk ranar Laraba da Alhamis, in kuma haɗa ta da wata ungozoma da ta riga ta ce tana maraba.