Inda na kwana kan bidiyo mai bin ƙarfin rezo

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Kun dai san halin rezo a nan Garwa, da asuba yana gudu lafiya lau, da an yi magariba kowa ya hau WhatsApp sai ya koma rarrafe, shi ya sa yanzu duk karatun tafsirin da muka ɗauka ina fitar da shi hawa uku na ingancin hoto da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo: 240p a kilobit 300 a sakan, 360p a 800, sai 720p wajen 2500. HLS nake bi, tsarin aika bidiyo mai bin ƙarfin rezo wanda Apple suka fito da shi a 2009, shi ɗan'uwansa DASH na 2012 sai nan gaba.

Kowane hawa ana yanka shi gunduwa-gunduwa, fayil ɗin m3u8 ne ke riƙe da jerinsu, fileya kuma, wato manhajar da ke kunna bidiyon, tana duba lokacin da gunduwar baya ta ci kafin ta sauka da sakan nawa suka rage mata a ajiya, sai ta zaɓi hawan da za ta ɗauko na gaba. Tsawon kowace gunduwa Apple sun ce sakan 6, ni dai 4 na sa, don rezonmu ba ya sallama kafin ya faɗi, gara fileya ta samu damar sauka zuwa ƙaramin hawa da wuri.

Wurin da ke son natsuwa shi ne cikakken hoton da kowace gunduwa ke farawa da shi. Dole ya faɗo lokaci ɗaya a duk hawa ukun, in ba haka ba wajen canjin sai ka ga hoto ya yi tsalle. Kamararmu hoto 25 take ɗauka a sakan, sai na sa wa ffmpeg -g 50 da -sc_threshold 0, cikakken hoto kowane sakan 2 kenan.

Abin da ya ban mamaki fa, kilobit 300 ɗin nan ba ɗaya ba ce ga kowane bidiyo. Malam yana zaune, bango ba ya motsi, hannu kawai da baki, har zaren hularsa kana gani, saboda H.264, tsarin matse bidiyon, bambancin da ke tsakanin hoto da hoto yake aikawa. Amma da na gwada hawan sallah na ƙofar Lamido, dawakai a guje, ƙura ta tashi, alkyabba na kaɗawa, wallahi sai komai ya farfashe ya zama murabba'i-murabba'i, doki da mahayi ba ka rabe su. Sai da na kai 500 ya dawo hayyacinsa. Netflix ma tun 2015 kowane fim da nasa awon suke yi.

Na kuma ƙara hawa na huɗu, murya zalla da tsarin matse sauti na AAC a kilobit 64, mai sauraron tafsiri in hoto ya tsaya ba zai damu ba matuƙar karatu bai yanke ba, ga forfe ɗinsa ya huta.

Saura gwaji a kan hanya, ranar lahadi zan hau moto zuwa kasuwar Pitowa waya a hannu. Wanda ya taɓa wasa da startLevel, wato saitin hawan farawa a fileyar hls.js, ya taimaka min, so nake fileya ta fara daga 240p ta hau a hankali.