Inda makin mai kwaikwayon majinyaci yake kaucewa

A 1963 Howard Barrows ya fara horar da mutane masu lafiya su riƙa kwaikwayon marasa lafiya a Jami'ar Kudancin Kaliforniya, a 1975 kuma Ronald Harden ya fito da jarrabawar OSCE a Sikotland, wadda ake gwada ɗaliban likitanci a aikace, ciki har da yadda suke duba irin waɗannan masu kwaikwayon. A makarantun likitanci da yawa, mai kwaikwayon aiki biyu ne a kansa: ya yi ciwon, ɗalibi na fita kuma ya ɗauki biro ya ba shi maki. A na biyun ake samun tangarɗa.

Mutum ne kwance yana dafe ciki yana nishi, yana tuna labarin da aka haddace masa, kuma ana so ya riƙe duk abin da ɗalibi ya tambaya cikin minti goma. Kuskurensa iri biyu ne: ya ba da maki a kan abin da ba a yi ba, ko ya hana a kan wanda aka yi. Na farkon ya fi wuyar kamawa, don ba ɗalibin da zai kawo ƙara an yi masa ƙari. Ɗalibi mai fara'a da iya gaisuwa shi ya fi cin wannan gajiyar.

Sau da yawa laifin na takardar makin ne. Layin da ya ce "ya tambayi shan taba da giya" abu biyu ne aka cusa a gurbi ɗaya; in ɗalibi ya tambayi taba kaɗai, wani zai ba shi, wani zai hana. A raba su. "Ya duba ciki yadda ya kamata" ma ba ta aunuwa. A rubuta: ya saurari hanji kafin ya danna, ya fara dannawa daga nesa da wurin ciwon. Jerin kuma kada ya wuce layi 15 zuwa 20, in ya yi tsawo sai cika da ka.

A cike takardar nan take, kafin wani ya shigo, don ɗalibi na takwas da na tara sukan cakuɗe a kai. A ba da hutu tsakani.

Wajen tantancewa, a ɗauki bidiyo, malami ya sake ba da maki ba tare da ya ga na farkon ba, sannan a kwatanta layi-layi da ma'aunin kappa, wanda ke cire dacewar da sa'a ta kawo. Kwatanta jimla kaɗai yaudara ce: ƙari biyu da ragi biyu sai su share juna, maki ya fito daidai alhali kurakurai huɗu na ciki.