Gashin masara a bayan gidan wani manomi a Iowa

Kilishin da na ɗauko tun daga Kaduna bai shiga Amurka ba. A filin jirgin da muka sauka wani jami'i ya buɗe jakata, ya ɗaga ƙunshin da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mushe, ya jefa a kwandon shara, ko fuskata bai duba ba. Doka ce, ba a shigar musu da nama, wannan ban ja ba. Wulaƙancin ne ya tsaya mini a rai. Yajin tsire kuwa ya shinshina, ya mayar mini da abina.

Ɗan yayata da ke karatu a Iowa City, wani birni a jihar Iowa, shi na je gani. Litinin ta farko a watan Satumba hutun ma'aikata ce a can, kuma da ita suke sallamar lokacin zafi, kowa ya fito da murhun gashi bayan gida. Mahaifin wani abokin karatunsa, dattijo manomi, ya aiko a zo da ni.

Ni ɗan Saminaka ne, a cikin masara na tashi, ban zaci masara za ta ba ni mamaki ba. Sai ga mu muna tafe kusan awa guda, dama masara, hagu waken soya, can su yi musanya, ba ɗan adam ko ɗaya a cikin gona. Na ce wa yaron ya tsaya mu roƙi goyo biyu. Ya ce, "Kawu, wannan ba ta ci ba ce." Ashe yawancinta ta dabbobi ce da ta man da ake gauraya wa fetur, a tsaye ake barinta ta bushe, sai wajen Oktoba injin girbi ya bi ta kanta. Iowa ce kan gaba a noman masara a duk Amurka, amma wadda mutane ke gasawa wani iri ne daban, mai zaƙi, a 'yan ƙananan filaye.

Kusa da garin Kalona, inda 'yan Amish, wasu Kiristoci masu gudun kayan zamani, ke yawo da keken doki har yau, muka ga tebur a bakin hanya: masara, tumatir, kankana, da ƙaramin akwati mai ƙofar jefa kuɗi. Babu mai sayarwa. Na tsaya ina waige-waige, ina jiran wani ya fito. Dozin ɗin masara dala 6 aka rubuta a kwali. Da na juya shi zuwa naira sai da na dafe kai, domin a gida da wannan kuɗin sai an taya ka ɗauka. Kuma ba wanda za ka ce wa "rage mini". Muka jefa kuɗin muka ɗiba. Har muka isa ina tunanin akwatin nan, ina tuna yadda kakata ke barin ƙwaryar gyaɗa a zaure, masu saye su ajiye kuɗi a gefe.

Dattijon ya tarye mu da gajeren wando da hular hana sallah. Kafin mu zauna ya ja ni gefe ya nuna mini murhu biyu. Babban na gas ne, a kansa suke gasa alade, domin jihar ta fi kowace kiwonsa. Ƙaramin na gawayi, sabo fil, ko takardar kanti ba a cire ba. Ya ce saboda mu ya saya, naman kuma ɗansa ya tura har birnin Cedar Rapids ya sayo na halal. Ban san sa'ad da na riƙe hannunsa da hannu biyu ba. Mutumin da bai taɓa ganina ba!

Gashinsu ya bambanta da namu. Ba sa ɓare masarar. Da ɓawonta suke jiƙa ta a bokiti, su ɗora a wuta ta turaru a ciki, sannan a ɓare, a shafe ta da man shanu, a barbaɗa gishiri. Zaƙi kamar rake, taushi kamar an dafa. Na ci uku. Amma gaskiya ba ta da wannan ƙamshin ƙuna na masarar bakin titi da ake yi wa fifita da kwali, kuma ba ta riƙe ciki. Tamu guda biyu da ruwa sun kai ka la'asar.

Nan na roƙi a ba ni wuƙa. Na yanka naman siri-siri, na shafa mai, na birkiɗa shi a yaji, na ɓare masara huɗu na aza su tsirara a kan garwashi. Matar gidan ta ɗanɗana, hawaye ya zubo mata, ta sake miƙo faranti. Ta tambayi abin da ke ciki, na ce ƙuli-ƙuli da citta da barkono. Sai ta yi maza ta hana jikanta ɗaya taɓawa, wai gyaɗa na iya kai shi asibiti. Na ji tsoro ƙwarai, domin da ba ta tambaya ba ni ba zan faɗa ba.

Abu biyu ba su kwanta mini ba. Yara na kiran dattijon da sunansa gatsau. Sannan tayin abinci sau ɗaya ne: aka miƙo mini kankana, na yi kara na ce na ƙoshi, aka wuce da faranti, ba a sake dawowa ba. Yaron ya raɗa mini, "Kawu, a nan in kana so ka ce kana so." Amma da za mu tafi, sai da suka cika mana bayan mota da tumatir da kabewa, wai lambun ya fi ƙarfinsu. Na bar wa matar sauran yajin, bayan na rubuta "gyaɗa" a jikin robar da manyan baƙaƙe.

Magariba ta same mu a can wajen bakwai da rabi, muka yi salla a kan ciyawa, gyare na ta kuka kamar a ƙauyenmu.

Washegari muka leƙa Cedar Rapids, na ga ɗan ƙaramin farin masallacin da 'yan Siriya da Lebanon suka gina a 1934. Kwana uku bayan nan na kamo hanyar gida. Na tarar an fara karyar masara a gonarmu.