Inda aka kwana da sabar da ta ƙi ganin faifanta

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa saba a gida. Ga labarin wata tsohuwar saba ta gwanjo, Dell PowerEdge R710, da nake gwaji da ita a Samaru.

In na danna Ctrl+R lokacin da take tashi, katin PERC H700, wanda ke riƙe da faifan sabar, yana nuna faifan lafiya lau, RAID 5 a haɗe (wato an haɗa faifan suna aiki kamar guda ɗaya). Amma wajen girka Rocky Linux 8, shafin zaɓen faifai fayau, sai filashina kaɗai. Wani mai gyara a PZ ya ce faifan ne suka mutu, in kawo a canza. To, katin da ke riƙe da su ai yana ganinsu.

Daga cikin mai girkawar na danna Ctrl+Alt+F2, na buga lspci -nn, umarnin da ke jero katunan da ke cikin na'ura. Ga katin nan, lambarsa 1000:0079, wato LSI SAS2108 ne Dell ta sa wa sunanta. Da na buga lspci -k kuwa, babu direban da ya kama shi. Direban megaraid_sas yana nan, sai dai tun fitowar RHEL 8 (Linux ɗin kamfanin Red Hat) a 2019 aka cire lambobin tsofaffin katuna daga jerin waɗanda yake ɗauka, Rocky kuma sawunta take bi. Masu katin H310 da H200, ku ma abin ya shafe ku.

ELRepo, ma'ajiyar ƙarin direbobi ta RHEL da danginta, ce ta fisshe ni. Na sauko da faifan direbansu na megaraid_sas, na sa a filashi na biyu, na ƙara inst.dd a layin tashi. Nan take RAID ɗin ya bayyana. Ku lura, dole ya dace da sigar da kuke girkawa, na 8.8 daban, na 8.10 daban. Bayan girkawa kuma ku ƙara ma'ajiyar ELRepo kafin dnf update, don kada sabon kanel, wato zuciyar Linux, ya zo babu direba, saba ta maƙale a dracut, matakin farko na tashinta.

Wanda bai fara ba tukuna, ni dai AlmaLinux, 'yar'uwar Rocky, zan ce ya ɗauka. A 2024 sun mayar da waɗannan lambobi a 8.10 da 9.4, ba sai an sha wannan zagayen ba.

Saura batirin katin. MegaCli, manhajar duba katin, ya nuna ya mutu, shi ya sa katin ya daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa, komai sai ya sauka kan faifai kai tsaye, aiki ya yi nauyi. Ana iya tilasta masa ya ci gaba da tarawa, amma da yadda ake ɗauke mana wuta ba sallama, ba zan taɓa wannan saitin ba sai na samo batiri.