Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Baka da Kibiya a Gidan Ubangiji

Makon jiya na tsaya a inda muka sami ikilisiyar da ta karɓe mu a birnin Louisville na jihar Kentaki a Amurka. Yau zancen baka da kibiya ne.

Ranar Lahadin da fasto ya sanar cewa za a fara koya wa yara harbi kowace Laraba da yamma, gabana ya faɗi. Ni jikan maharbi ne. Na tashi ina ganin kwarin kakana a rataye a zaure a ƙauyenmu kusa da Zariya, layu ɗinke a jikinsa, kibiyoyin ciki da dafi, ba yaron da ya isa ya taɓa. Da kakan ya karɓi bishara, layun nan ya fara yankewa. To yau a ce kibiya za ta shiga gidan Ubangiji? Na ce wa maman yara ɗanmu ba zai je ba. Ta ce, "Baban yara, je ka gani da idonka tukuna."

Na je, na zauna can baya. An shimfiɗa labulen raga a ƙarshen ɗakin wasanni, an jera allunan saiti, tsakiyarsu ruwan ɗorawa, sai ja, shuɗi, baƙi, fari. Wani dattijo riƙe da usur. Ya busa sau biyu, yara suka ɗauki baka. Sau ɗaya, suka harba. Sau uku, suka tafi cire kibiya. In aka ji biyar, kowa ya tsaya cak. Ɗana da ba ya iya zama minti biyu wuri ɗaya, na gan shi ya ja tsarkiya har gefen bakinsa, ya riƙe numfashi, ya natsu. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Daga baya na fahimci tushen abin. A shekarar 2002 aka fara shirin koyar da harbi a makarantun Kentaki, wanda ake kira NASP, shirin coci kuma mai suna Centershot tsarinsa ya bi. Baka iri ɗaya ce ga kowa, ƙirar Genesis, babba da yaro duk suna iya janta, ana harbi daga mita 10 da mita 15. Ɗan mai kuɗi ba shi da damar sayo wadda ta fi ta ɗan talaka. Wannan ya kwanta mini a rai ƙwarai. Bayan harbi sai a zauna a ƙasa a buɗe Littafi Mai Tsarki. A daren farko dattijon ya ce kalmar Helenanci da ake fassarawa zunubi tana ɗauke da ma'anar kuskure wa abin da aka auna. Yaran da suka gama zubar da kibiya a jikin labule ba su bukaci ƙarin bayani ba.

Da farko 'ya'yan ikilisiya ne kawai. Sannu a hankali kowa ya riƙa jawo abokinsa na makaranta, har 'ya'yan 'yan gudun hijirar Kwango da ke unguwar suka fara zuwa. Iyayen da ke jira a benci ba su da abin yi, sai zumuntar mata ta fara kawo shayi, maman yara kuma ta ƙara da cincin. A kan bencin nan aka san wanda ya rasa aiki, da wadda mijinta ke kwance a asibiti.

Wata yarinya 'yar Kwango, tsarkiya ta zane ta a hannu a harbinta na farko, wurin ya yi jawur, ta ajiye bakar tana hawaye. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗaura mata matarin hannu, na juya mata gwiwar hannu waje kamar yadda na sha ganin kakana yana yi. Kibiyarta ta gaba ta kafe a shuɗi. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, Asabar akwai horon masu koyarwa. Za ka zo?"

Abin da ya faru a wannan Asabar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.