Allurar Akufanca ga Ciwon Muƙamuƙi: Inda Take Aiki da Inda Ba Ta Yi

Akufanca hanyar magani ce ta tsira siraran allurai a wasu keɓaɓɓun wurare na jiki. Kafin in taɓa allura, sai na gano ko ciwon na tsoka ne ko na gaɓar kanta, domin sakamakon aikin a nan ya rataya. Nakan sa mutum ya cije haƙoransa, in lalubi tsokar tauna da ke kumburowa a kunci da wadda ke gefen kai. Idan na danna wani ƙulli ya ce "nan ne", har zafin ya harba zuwa kunne ko haƙori, to tsoka ce, kuma ita ce allura ta fi yi wa amfani. Sannan in auna buɗewar baki: mai lafiya yana kai milimita 35 zuwa 50, kusan yatsu uku a tsaye.

Wuraren tsira allura huɗu na fi amfani da su, kowanne da lambar da ake kiransa da ita. ST6 yana kan tudun tsokar tauna, faɗin yatsa ɗaya daga kusurwar muƙamuƙi. ST7 yana cikin ɗan ramin da ke ƙarƙashin ƙashin kunci, kuma baki a rufe ake nemansa, don da an buɗe ramin ya ɓace. SI19 kuwa, gaban kunne, sai an buɗe baki yake bayyana. Nakan ƙara LI4 a hannu, tsakanin babban yatsa da manuni, amma ban da mai juna biyu. Allurar siririya ce, kaurinta milimita 0.20 zuwa 0.25, sabuwa daga leda, amfani ɗaya a jefar, saboda ciwon hanta nau'in B da makamantansa. Ana barinta minti 20 zuwa 30. Jin nauyi ko ɗan tsami a wurin alama ce mai kyau. Zafi mai kama da jan lantarki yana nufin an taɓa jijiya, sai a ja baya nan take.

Fuska cike take da hanyoyin jini, kuma akwai wadda ke bugawa daidai gaban kunne. Lalube ta da yatsa kafin ka tsira, ka danne wurin da auduga bayan cirewa, in ba haka ba jini ya kwanta. Tambayi mutumin ko yana shan maganin tsinka jini irin warfarin. A kwance nake yi wa kowa, musamman karon farko, don mai tsoro ko mai yunwa yakan yi jiri.

Zama ɗaya ko biyu a mako, in an yi shida babu sauyi, na tsaya na sake duba lamarin. Sau da yawa matsalar cizon haƙora ce cikin barci, wanda ke mayar da aiki baya kowane dare. Wannan sai likitan haƙori ya yi masa robar baki. Cingam da hamma mai faɗi su ma suna tayar da ciwon.

Allura ba ta mayar da faifan guringuntsin gaɓa idan ya goce, don haka ba na yi wa kowa alkawarin ƙarar ƙas-ƙas za ta daina. Bakin da ya kulle, ruɓaɓɓen haƙori, kumburi da zazzaɓi, duk asibiti nake turawa. Wanda ya haura 50 da sabon ciwon gefen kai, gajiyar muƙamuƙi wajen tauna da dishi-dishin gani, ranar zai ga likita, don yana iya rasa ido. Ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji da gumi kuwa zuciya ake zargi, a garzaya sashen gaggawa.